Kunnen da ya saba da gargaɗi

Duk wanda ya zauna ya karanta littattafan annabawa a jere, daga Ishaya har zuwa Malakai, zai lura da abin da ba kasafai muke faɗa wa juna ba. Yawancin gargaɗin da ke ciki, ba Masarawa ko Filistiyawa ko mutanen Babila aka aika wa ba. Su ma suna da nasu rabon, amma kaso mafi tsoka na jama'ar Allah ne, masu Haikali da firistoci, masu kiyaye Asabar da idodi, waɗanda suka san sunan Ubangiji tun suna goye. A Sabon Alkawari ma haka abin yake. Maganganu mafi zafi da suka fito daga bakin Yesu, malaman Attaura da Farisiyawa ne suka sha su, mutanen da suka fi kowa sanin Nassi a zamaninsu. Wasiƙu bakwai da ke farkon Wahayin Yahaya kuwa, ikilisiyoyi aka rubuta wa, kuma a biyar daga cikinsu an yi kiran tuba. Manzo Bitrus ya faɗa ƙarara cewa daga gidan Allah shari'a za ta fara.

Amma mu, da zarar an ambaci makantar ruhaniya, sai idonmu ya koma waje. Mu tuna da wanda ba ya zuwa sujada, da wanda ya bar bangaskiya, da waɗanda muke kira mutanen duniya. Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani. Ni a ganina, makantar da ta fi haɗari a cikin majami'a take kama mutum, yana zaune a kujerarsa, Littafi a hannu, yana amsawa da amin. Abin da ke kawo ta kuwa shi ne yawan jin maganar Allah ba tare da aikatawa ba, har kunne ya saba da gargaɗi ya daina jin zafinsa.

Labarin da ya fi nuna mini wannan yana cikin sura ta 36 ta littafin Irmiya. A shekara ta huɗu ta sarautar Yehoyakim, sarkin Yahuza, wato wajen 605 kafin haihuwar Almasihu, shekarar da Nebukadnezzar na Babila ya karya rundunar Masar a Karkemish, Ubangiji ya umarci Irmiya ya rubuta duk abin da ya faɗa masa tun zamanin sarki Yosiya. Shekara 23 kenan annabin yana magana ba mai saurare. An ma faɗi dalilin rubutun: watakila in mutanen Yahuza suka ji masifar da ke tafe, kowa ya juyo daga muguwar hanyarsa, a gafarta musu. Irmiya yana faɗa, Baruk magatakarda yana rubutawa. Da shekara ta zagayo, a ranar da aka yi shelar azumi, Baruk ya karanta wa jama'a littafin a Haikali. Labari ya kai ga fadawa, suka kira shi ya sake karanta musu, suka dubi juna a tsorace, suka ce lalle sai sarki ya ji wannan. Amma kafin su shiga wurin sarki sai da suka ce wa Baruk ya je shi da Irmiya su ɓuya. Sun san halin maigidansu.

Wata na tara ne, lokacin sanyi. Sarki yana zaune a ɗakinsa na hunturu da kaskon wuta a gabansa. Wani bafade mai suna Yehudi ya fara karatu. Duk sa'ad da ya karanta shafi uku ko huɗu na rubutun, sai sarki ya sa wuƙar magatakarda ya yanke, ya jefa a wuta, har littafin ya ƙone ƙurmus. Mutum uku, Elnatan da Delaiya da Gemariya, suka roƙe shi kada ya ƙona, ya yi kunnen uwar shegu da su. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wannan labari shi ne natsuwar sarkin. Da a ce ya fizge littafin ne cikin fushi ya wurga gaba ɗaya, sai mu ce zuciya ta ɗebe shi. A'a, ya zauna ya saurara, kowace kalma ta shiga kunnensa, sa'an nan ya yanka. Nassin ya ƙara da cewa shi da barorinsa ba su ji tsoro ba, ba su kuma yage tufafinsu ba.

Maganar tufafin nan ba a banza aka kawo ta ba. Kimanin shekara 18 kafin wannan rana, ana cikin gyaran Haikali, aka tsinci littafin Shari'a. Shafan magatakarda ya karanta wa sarki Yosiya, mahaifin Yehoyakim, shi kuwa da jin abin da ke ciki ya yage tufafinsa, ya aika a nemo masa nufin Ubangiji wurin annabiya Hulda, ya tara jama'a aka sabunta alkawari. Gemariyan da ya roƙi Yehoyakim kada ya ƙona littafi, ɗan Shafan ɗin nan ne. Gida ɗaya, gadon sarauta ɗaya, har iyalin magatakardan ma ɗaya. Uban ya ji ya yage rigarsa, ɗan ya ji ya yayyanka littafin.

Me ya raba su? Irmiya ya ba da amsa a sura ta 22, kuma amsar ba ta shafi yawan ilimi ko yawan ibada ba. Yehoyakim ya gina wa kansa babban gida mai benaye da faffaɗan tagogi, ya lulluɓe shi da katakon al'ul, ya shafe shi da jan launi, ya sa 'yan'uwansa aiki bai biya su ladansu ba. Mahaifinsa kuwa ya yi wa matalauta da masu bukata shari'ar gaskiya, Ubangiji ya ce wannan shi ne saninsa. Akwai kuma wani annabi, Uriya ɗan Shemaiya, da ya faɗi irin abin da Irmiya yake faɗa, ya gudu Masar, Yehoyakim ya aika aka kamo shi aka kashe. To ka ga, mutumin da ya zauna gaban kaskon wuta ran nan ba a ranar ya makance ba. Ya daɗe yana wucewa ta gaban ma'aikatan da bai biya ba yana kawar da kai, kullum kawar da kan yana ƙara yi masa sauƙi. Lamirin mutum kamar tafin hannu yake, wurin da ya fi shan guga shi ke yin kanta, in ya yi kanta kuwa ko an soka ƙaya ba ya ji.

Mu mun ɗauka sai mun gane tukuna sa'an nan mu yi biyayya. Yesu ya juya wannan tsari. A Yahaya 7:17 ya ce duk wanda yake da niyyar aikata nufin Allah, shi zai san ko koyarwar daga Allah take. Niyyar yin biyayya ce ke buɗe ido. Marubucin Ibraniyawa ya faɗi ɗaya gefen, inda ya ce a riƙa yi wa juna gargaɗi kowace rana, kada wani ya taurare ta wurin yaudarar zunubi. Ko Fir'auna, wanda mutane suke yawan tambaya a kansa cewa me ya sa Allah ya taurare masa zuciya, a duba yadda labarin ya gudana a littafin Fitowa. Bayan annobar kwaɗi, da ya ga sauƙi ya samu, an ce shi ya taurare zuciyarsa. Bayan annobar ƙudaje ma haka. Sai a annoba ta shida, ta marurai, aka ce Ubangiji ya taurare ta. Akwai asirin ikon Allah a wannan labari wanda ya fi ƙarfin kowa, amma abin da ke a fili ya ishe mu tsoro: mutumin ya sha zaɓar taurin kai da kansa kafin a bar shi da abin da ya zaɓa.

Sai dai kaɗan ne a cikinmu za su sa wuƙa a Littafi. Mun fi kama da Zadakiya, sarki na ƙarshe a Urushalima, shi ya sa labarinsa ya fi ba ni tausayi. Zadakiya yana son jin maganar Allah. Ya aika a asirce aka fito masa da Irmiya daga kurkuku, ya tambaye shi ko akwai wata magana daga wurin Ubangiji. Irmiya ya ce akwai. Ya sake kiransa a wani karo, har ya rantse masa ba zai kashe shi ba. Annabin ya faɗa masa dalla-dalla: ka miƙa wuya ga sarkin Babila, za ka rayu, birnin kuma ba za a ƙone shi ba. Sarki bai ce ƙarya ne ba. Cewa ya yi yana tsoron Yahudawan da suka riga suka koma wurin Kaldiyawa, wato mutanen Babila, kada a bashe shi a hannunsu su wulaƙanta shi. Wannan sarkin ne dai, da fadawansa suka nemi kashe Irmiya, ya ce musu ga shi nan a hannunku, sarki ba zai iya hana ku ba, har sai da wani baƙo, Ebed-melek mutumin Kush, ya tsamo annabin daga rijiya. Zadakiya ya san gaskiya, yana girmama mai faɗar ta, yana jin daɗin zama da shi a ɓoye, amma idon mutane ya fi ƙarfinsa. Wajen shekara ta 586 birnin ya fāɗi. Aka kai shi Ribla, aka yanka 'ya'yansa a gabansa, sa'an nan aka ƙwaƙule masa idanu.

Nawa ne a cikinmu suke zaune haka? Mun san auren da muke rusawa da halinmu, mun san kuɗin da ba namu ba da ke hannunmu, mun san ɗan'uwan da muka ɓata wa suna, kuma duk wa'azin da ya taɓa wurin muna jin sa har cikin ƙashi. Mukan ce lalle yau Ubangiji ya yi magana. Mu fita, mu yi lissafin abin da gyaran zai ci mana, kunya ko asara ko matsayi, mu ɗage shi zuwa wani lokaci. Jin daɗin cewa wa'azi ya taɓa mu sai ya maye gurbin tuba.

Wata hanyar kuma ita ce ta sarki Saul, wanda ya naɗe rashin biyayya a cikin rigar ibada. An umarce shi ya hallaka Amalekawa har da dabbobinsu, ya cika wani sashe ya bar wani, ya tarbi Sama'ila da fara'a yana cewa ya cika umarnin Ubangiji, alhali kukan tumaki yana tashi a bayansa. Da aka matsa masa ya ce ai don hadaya aka kawo su. Nan ne Sama'ila ya faɗi maganar da kowane Kirista ya haddace, cewa biyayya ta fi hadaya. Ina ganin Saul ya gaskata kansa sa'ad da yake magana, wannan kuwa shi ne makantar. Har bayan ya ce ya yi zunubi, roƙonsa na gaba shi ne a girmama shi a gaban dattawa. Baiko mai yawa, azumi mai tsawo, hidima ba dare ba rana, duk suna iya zama tumakin Saul, abin da muke miƙa wa Allah don kada ya taɓa abin da ya nema tun farko.

A sura ta 9 ta Bisharar Yahaya an ajiye makafi iri biyu gefe da gefe. Wanda aka haifa makaho ya san shi makaho ne. Aka shafa masa taɓo, aka ce ya je ya wanke a tafkin Siluwam, ya tafi bai nemi bayani ba, ya dawo yana gani. Farisiyawa kuwa suka yi bincike, suka kira iyayensa, suka sake kiransa, shaida na ƙaruwa suna ƙara kafewa, daga ƙarshe suka kore shi. Yesu ya ce musu da su makafi ne da ba su da laifi, amma tun da suna cewa suna gani, laifinsu yana nan. Ikilisiyar Lawudikiya, ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan na Wahayin Yahaya, ita ma wannan ce cutarta. Birni ne na masu kuɗi, sananne da harkar banki da baƙin ulu da ilimin magani. Sa'ad da girgizar ƙasa ta rushe shi wajen shekara ta 60 bayan haihuwar Almasihu, mutanensa suka sake gina shi da dukiyarsu ba tare da tallafin Roma ba. Ikilisiyar ta ɗauki halin garin, tana cewa ta wadata ba ta bukatar komai, Ubangiji kuwa ya ce matalauciya ce, makauniya, tsirara, ta zo ta sayi maganin ido a wurinsa. Ayar nan ta tsayawa a bakin ƙofa ana ƙwanƙwasawa, wadda muke yawan karanta wa marasa bi, ga ikilisiya aka faɗe ta. Suna ciki suna sujada, shi yana waje.

Kada a ce wannan labarin mutanen dā ne. John Newton, Baturen Ingila, ya fara juyowa ga Allah a 1748, sa'ad da guguwa ta kusa nutsar da jirginsu a teku. Bayan wannan ya zama kyaftin na jiragen ruwa masu jigilar bayi daga gaɓar Afirka, bai bar sana'ar ba sai a 1754, kuma rashin lafiya ce ta raba shi da ita. A waɗannan shekaru yana addu'a, yana karanta Littafi, mutane na ɗaure da sarƙa a ƙarƙashin ƙafafunsa. Ya zama limamin ikilisiya a 1764, amma sai a 1788 ya wallafa ƙasidar da ya fito fili ya la'anci cinikin ya kuma faɗi kunyarsa. Ya ga ranar da majalisar Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807, a shekarar ya rasu. Ban kawo shi don a jefe shi ba, ai ya gani daga baya, ya kuma yi aiki da abin da ya gani. Na kawo shi ne don mutum yana iya zama mai bi na gaske, amma akwai wani ɗaki a rayuwarsa da ke cikin duhu shekara da shekaru, musamman in abincinsa yana fitowa daga ɗakin, kuma duk na kusa da shi suna yin haka.

Yanzu wani zai ce, to in haka ne sai mu bi duk wanda ya zo da gargaɗi da sunan Allah? Wannan tambaya ce mai nauyi, domin an cuci mutane da yawa ta wannan ƙofa. Mabiyan William Miller a Amurka sun jira dawowar Almasihu ranar 22 ga Oktoba 1844, gari ya waye ba abin da ya faru. Harold Camping, wani mai wa'azin rediyo a Amurka, shi ma ya sa ranar 21 ga Mayu 2011, aka kafa alluna a ƙasashe da dama, wasu suka kashe abin da suka tara wajen yaɗa saƙon, da ranar ta wuce ya mayar da ita 21 ga Oktoba. Duk wannan alhali Yesu ya faɗa a Matiyu 24:36 cewa ba wanda ya san ranar ko sa'ar. Mafi muni, a 2023 aka tono gawarwaki fiye da 400 a dajin Shakahola na ƙasar Kenya, na mutanen da aka koya wa su ƙi cin abinci har mutuwa don su sadu da Yesu, da yara a cikinsu. Waɗannan bayin Allah sun yi biyayya har ƙarshe, amma ga mutum suka yi ta. Wanda ya miƙa wa wani ɗan'adam idanunsa ya ce ka gani a madadina, shi ma ya makance, ko da ya kira abin bangaskiya.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu ba ma'auni ba. Maimaitawar Shari'a ta ce in annabi ya faɗi abu da sunan Ubangiji bai faru ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba, kada a ji tsoronsa. Ta kuma ce ko alamarsa ta cika, in yana janye mutane daga Allah, kada a saurare shi. An yaba wa mutanen Biriya domin suna bincika Nassi kowace rana su ga ko abin da Bulus yake faɗa haka yake, Bulus fa, manzo. Shi kansa ya rubuta wa Tasalonikawa kada su raina annabci, amma su gwada komai su riƙe mai kyau. Manzanni kuma sun faɗa wa majalisar Yahudawa cewa wajibi ne a yi wa Allah biyayya fiye da mutane.

Bayan waɗannan, akwai abin da nake dubawa: wa gargaɗin yake amfana, wa kuma yake ci? Irmiya ya sha dūka, an sa shi a turu, an jefa shi a rijiya, yana kuka saboda mutanen da yake yi wa gargaɗi. Mikaiya ya tsaya shi kaɗai gaban annabawa kusan 400 da suke gaya wa Ahab ya tafi yaƙi zai yi nasara, ladansa mari da kurkuku. Ahab ya faɗi gaskiyar zuciyarsa, ya ce yana ƙin mutumin domin ba ya yi masa annabcin alheri. Annabi Mika kuwa ya kwatanta ɗaya ɓangaren da kyau: annabawan da in an sa musu abu a baki sai su yi shelar salama, wanda bai sa ba kuwa su ɗaura masa yaƙi. Gargaɗin da ke ƙarewa a kan ka kawo kuɗi a karya maka la'ana, ko ka dogara ga mai maganar shi kaɗai, ko ka zargi wata tsohuwa a dangi da cewa ita ta hana ka ci gaba, ban ga kamanninsa a bakin annabawan gaskiya ba. Nasu yakan kira zunubin da sunansa, ya ɗora shi a kan mai shi, ya nuna hanyar komowa. Kuma abin lura ne cewa mutane sun fi son gargaɗi mai ban tsoro a kan maƙiyan ɓoye da gargaɗi mai sauƙin fahimta a kan halinsu. Na farkon ba ya neman ka sake komai.

Haka nan ina roƙon mu daina gaggawar fassara masifar wasu a matsayin gargaɗin Allah. Almajirai sun tambayi Yesu wa ya yi zunubi har aka haifi mutumin nan makaho, shi ko iyayensa, ya ce ba ko ɗaya. Da ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba, nan take ya mayar da maganar kan masu saurarensa, in ba su tuba ba su ma za su hallaka. Abokan Ayuba sun yi dogon bayani a kan dalilin wahalarsa, a ƙarshe Ubangiji ya husata da su. Wanda ya tsaya a kan gawar wani ko gadon mara lafiya yana yanke hukunci, ya ɗauki aikin da ba a ba shi ba.

Masu jiran alama ta musamman kafin su gyara, mafarki ko murya ko wahayi, Yesu ya riga ya ba su amsa a misalin mai arziki da Li'azaru. Mutumin ya roƙi a aika wani daga matattu ya gargaɗi 'yan'uwansa biyar. Aka ce masa suna da Musa da annabawa, in ba su saurare su ba, ko wani ya tashi daga matattu ba za su rinjayu ba. Ba mu da ƙarancin gargaɗi. Abin da aka riga aka rubuta ya fi abin da muka aikata yawa nesa ba kusa ba.

Duk da nauyin wannan magana, ba na so a karanta ta kamar Allah yana fakon mutum ne. Wanda yake so ya hallaka ka ba ya aiko maka da saƙo tukuna. A Irmiya 18 Ubangiji ya faɗa da bakinsa cewa in ya yi shelar hallaka wata al'umma, al'ummar ta juyo daga muguntarta, zai janye masifar. Yunusa ya ba Nineba kwana 40, suka tuba daga sarki har talaka, aka bar su, annabin ma ya ji haushi don ya san tun farko haka Allah yake. Ta bakin Ezekiyel ya rantse ba ya jin daɗin mutuwar mugu, so yake ya juyo ya rayu. Ko Lawudikiya, a tsakiyar tsautawar aka ce mata waɗanda yake ƙauna su yake tsauta wa. In kunne ya ji, jiki ya tsira, don haka ake maganar tun da wuri.

Dawuda ya nuna yadda ake karɓa. Ya ɗauki matar Uriya Bahitte, ya sa aka kashe mijin a bakin dāga, ya zauna watanni kamar ba abin da ya faru. Annabi Natan ya zo masa da labarin mai arziki da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta matalauci. Dawuda ya husata, ya ce mutumin ya cancanci mutuwa, zai biya ninki huɗu. Idonsa garau yake a kan laifin wani, nasa kuwa bai gani ba sai da Natan ya ce masa kai ne mutumin. Laifinsa bai fi na Saul sauƙi ba, a ma'aunin mutane ma ya fi muni. Amma bai kawo hujja ba, bai nemi a rufa masa asiri gaban dattawa ba, bai sa a kama annabin ba. Cewa ya yi, na yi wa Ubangiji zunubi.

Abin da ya ceci Dawuda har da cewa akwai mutumin da yake da hanyar shiga wurinsa ya faɗa masa abin da ba ya so. A nan nake da magana da shugabanninmu na ikilisiya, cikin girmamawa. Baba fasto, wa yake da wannan hanya zuwa wurinka? Ayar nan ta Zabura, kada ku taɓa shafaffuna, an mai da ita garkuwar hana tambaya. Dawuda shafaffe ne, Natan ya tsauta masa. Bitrus manzo ne, Bulus ya yi tsayayya da shi fuska da fuska a Antakiya sa'ad da ya janye daga cin abinci da al'ummai saboda tsoron mutane. Shugaban da ya kori duk mai faɗa masa gaskiya ya tara masu yaba masa, annabawan Ahab ya tara, kuma ba shi kaɗai zai faɗa rami ba, har da waɗanda yake ja. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Haka maigida a gidansa, haka uwa da 'ya'yanta, haka mai kamfani da ma'aikatansa. Sau da yawa gargaɗin yakan zo ta bakin wanda muka raina, ƙaramin yaro, ko ma'aikaci, ko matar da muka saba katse wa magana, ko ma wanda ba ya ƙaunarmu. Rashin ladabin mai faɗa ba ya mai da gaskiya ƙarya.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, abin da nake roƙo ƙarami ne a faɗe. Kafin mu nemi sabuwar magana daga wurin Ubangiji, mu koma ga ta ƙarshe da muka ji muka ajiye. Kowa ya san tasa. Yesu ya ce in ka kawo baikonka gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon a nan, ka je ku shirya tukuna. Yakubu ya ce ladan ma'aikatan da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Zakka, da idonsa ya buɗe, bai tsaya a hawaye ba, ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. In bashi ne a biya, in ƙazafi ne a je wurin waɗanda aka faɗa wa a janye shi, in wata hulɗa ce da ba ta dace ba a yanke ta a wannan mako, in kuwa an kori wanda ya faɗi gaskiya, a neme shi a ba shi haƙuri, a bar shi ya ƙarasa maganarsa.